Tambaya da Amsa: Yadda Faifan Ƙashin Baya Yake Ɗaukar Nauyin Jiki

Wasiƙu da dama sun taru a kan ciwon baya da ciwon kwankwaso, kuma da muka duba su sai muka tarar yawancinsu suna komawa ga abu guda, wato faifan guringuntsin nan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, ga su nan tare da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na yi hoton MRI saboda ciwon kwankwaso da ya matsa mini, sai aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya ɗan kumburo ta baya. An kuma shaida mini cewa faifan nan abu ne mai taushi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya abu mai taushi yake ɗauke da nauyin mutum shekara da shekaru bai murƙushe ba? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Tambayarki ita ce tushen sauran, saboda haka zan ɗan tsawaita a kanta.

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa ne 33 da ke ɗore bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran na can ƙasa kuwa galibi sun manne da juna. A tsakanin masu motsin akwai faya-fayai 23, waɗanda idan aka haɗa kaurinsu za su kai kusan rubu'in tsawon ƙashin bayan gaba ɗaya. Mafi girma a cikinsu su ne na kwankwaso, domin su ne ke ƙarƙashin kaya mafi nauyi, kuma kowannensu kaurinsa yakan kai milimita 7 zuwa 10, faɗinsa kuwa kimanin santimita 4.

Idan aka raba faifan matashi gida biyu a kwance, abin da ido zai fara gani shi ne wasu fararen zobba masu tauri, wani a cikin wani, sun kewaye wani abu mai sheƙi da danƙo a tsakiya, wanda da zarar wuƙa ta ratsa shi sai ya taso ya ɗara bakin yankan, alamar cewa dama a matse yake a ciki. Wannan na tsakiyan shi ne cibiyar faifai, kuma a lokacin ƙuruciya kusan kashi 80 cikin 100 nata, ko ma fiye, ruwa ne. Akwai wasu sinadarai a cikinta da suke jawo gishirin jiki zuwa gare su, ruwa kuma ya biyo gishirin ya shiga, shi ya sa cibiyar kullum take neman kumbura. Zobban da suka kewaye ta su ne bangon faifai, shimfiɗu ne 15 zuwa 25 na zaren kolajin, wato farin zare mai ƙarfi da jiki yake gina guringuntsi da igiyoyin gaɓoɓi da shi, kuma hikimar ginin tana cikin yadda aka jera zaren: a kowace shimfiɗa ya karkata da kimanin digiri 30, a wadda ke biye da ita kuma ya karkata ta ɗaya ɓangaren, ta yadda suke gittawa da juna. Sama da ƙasa kuma akwai wani siririn murfi na guringuntsi, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, wanda ya raba faifan da ƙashi.

To, ga yadda aikin yake gudana. Ruwa ba ya danƙaruwa komai nauyin da aka ɗora masa matuƙar ba shi da hanyar fita. Idan nauyin jiki ya danno daga sama, matsin da ke cikin cibiyar sai ya ƙaru, kuma ya watsu daidai wa daida ta kowace fuska: ya tura murfin sama da na ƙasa ba tare da nauyin ya taru a wuri guda ba, ya kuma tura bangon zuwa waje. Bangon yakan ɗan kumburo, abin da yawanci bai kai milimita ɗaya ba, zarensa ya miƙe ya ɗaure. Shi kuwa zaren kolajin ba shi da wani ƙarfi idan an danna shi, amma yana da juriya matuƙa idan ana jan sa. Ke nan faifai yana karɓar nauyin da ke danna shi ya mayar da shi ja a jikin bango, daidai yadda tayar mota take ɗaukar kaya: iskar ciki ita kaɗai ba ta iya ɗaukar komai, robar ma haka, amma iskar da ke matse a cikin robar tana ɗauke da mota da kayanta.

Yayin da shekaru suka ja, sinadaran da ke jan ruwa sukan ragu, cibiyar ta fara bushewa, matsinta ya sauka. Daga nan nauyin da a da ruwa yake rabawa sai ya koma yana sauka kai tsaye a kan bango, musamman ta bayansa, shimfiɗun su lanƙwashe, faifan ya rage kauri ya kumburo ta gefe. Wani kaso na nauyin kuma yakan koma kan wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bayan kowane faifai, waɗanda a lafiyayyen baya ba su ɗaukar fiye da kimanin kashi 16 cikin 100 idan mutum yana tsaye.

Abin da nake so ki riƙe, Malama, shi ne kumburin da hoto ya nuna ba lalle ne shi ne mai jawo miki ciwon ba. A 2015, wani mai bincike, Brinjikji, da abokan aikinsa sun tattara hotunan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, suka tarar kashi 30 cikin 100 na masu shekara 20 suna da irin wannan kumburin, a cikin masu shekara 80 kuwa kashi 84. Yana damuna ƙwarai yadda mutane suke karanta sakamakon hoto su tsorata, su daina motsi, alhali likitan da ya duba jikinki ya haɗa da abin da kike ji shi ne zai iya cewa ko abin da ke cikin hoton yana da nasaba da ciwon.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana ya auna tsayinsa da sassafe, ya sake aunawa da dare, ya tarar ya ragu da fiye da santimita ɗaya. Mun ɗauka kuskuren awo ne, amma da ya maimaita haka ya sake samu. Shin wannan wata cuta ce? Daga wani magidanci.

Amsa: Barka kadai, Malam. Ka kwantar da hankalinka, yaron ya auna daidai kuma lafiyarsa ƙalau. Kowane mutum yakan rasa santimita 1 zuwa 2 na tsayinsa tsakanin tashi daga barci da komawa shimfiɗa, kuma mafi yawan raguwar tana faruwa ne a awannin farko bayan an miƙe. Dalili kuwa, faifai ba a rufe yake ruf ba. Idan nauyi ya sauka ya tashi nan take, ruwan ciki ba ya samun sararin fita; amma idan nauyin ya daɗe a kai, sai ruwan ya riƙa tsatsowa sannu a hankali ta murfin guringuntsi da ta bango, kowane faifai ya ɗan rage kauri, idan aka tara na 23 ɗin sai ma'auni ya nuna. Da dare, in mutum ya kwanta nauyi ya sauka, sinadaran cibiya sukan sake jawo ruwan. 'Yan sama-jannati, da yake babu nauyin da ke danna bayansu, tsayinsu yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, ya kuma koma yadda yake bayan sun dawo ƙasa.

Wannan al'amari yana da muhimmanci ga lafiyar faifan, domin a jikin baligi jijiyoyin jini ba sa shiga cikinsa, iyakarsu bakin bango da ƙashin da ke sama da ƙasa. Ƙwayoyin halittar da ke can tsakiya suna iya kasancewa milimita 7 ko 8 daga jini mafi kusa, abincinsu da iskar da suke buƙata sai sun ratso ta murfin guringuntsi a hankali kafin su iso. Shi ya sa rauni a faifai yake jinkirin warkewa.

Akwai kuma darasin da ya shafi kowa. Da asuba faifai yana cike maƙil da ruwa, bangonsa a ɗaure tam, saboda haka sunkuyawa a wannan lokaci ta fi takura shi. Wasu masu bincike, Adams, Dolan da Hutton, sun nuna a 1987 cewa wahalar da sunkuyo yake ɗora wa faifai da sassafe ta ninka ta yamma sau uku ko fiye, sannan wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso da aka koya wa kauce wa sunkuyawa a farkon safiya sun samu sauƙi. Duk mai aikin ɗaga kaya, idan da hali, ya jinkirta mafi nauyinsa har sai ya yi awa ɗaya ko biyu a kan ƙafafunsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni direban babbar mota ne, kuma sau da yawa ni nake taimakawa wajen sauke kaya idan mun isa. Wasu sun ce zaman tuƙin ne yake kashe baya, wasu sun ce ɗaga kayan ne. Wanne ne gaskiya, kuma yaya zan yi in kare kaina? Daga wani direba.

Amsa: Allah ya tsare hanya, Malam. Wannan tambaya an auna amsarta a jikin mutane masu rai. A shekarun 1960, wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya riƙa soka allura mai auna matsi cikin cibiyar faifan masu sa kai, ya kuma ba da rahoton cewa zama ba tare da jingina ba ya fi tsayuwa matsa faifai da kimanin kashi 40 cikin 100. Daga nan maganar nan ta cewa zama ya fi tsayuwa illa ta bazu a duniya. A 1999, Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a birnin Ulm na Jamus suka sake gwajin da na'ura mafi inganci, wadda suka dasa a faifan da ke tsakanin ƙashin kwankwaso na huɗu da na biyar a jikin wani mutum mai shekara 45 da nauyin kilo 70, suka bi shi kusan kwana guda cur.

Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne megafaskal, kuma domin ka gane girmansa, iskar tayar ƙaramar mota takan kasance tsakanin 0.2 da 0.25. Da mutumin ya kwanta rigingine matsin ya kasance 0.1, da ya tsaya a sake ya kai 0.5, da ya zauna a sake ba jingina kuwa 0.46, wato zama da tsayuwa kusan ɗaya suke. Amma da ya zauna ya ranƙwafa gaba sosai sai matsin ya hau 0.83, da ya sunkuya a tsaye ya kai 1.1. Da aka ba shi kaya mai kilo 20 ya ɗaga da baya a lanƙwashe, ma'auni ya nuna 2.3, da ya durƙusa ya ɗaga da ƙarfin gwiwa, 1.7, da ya riƙe kayan a manne da jikinsa, 1.1 kacal. Mutum ɗaya aka auna, saboda haka kada a ɗauki alƙaluman a matsayin na kowa, amma yadda suke hawa da sauka ya dace da lissafi.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Tsokokin da ke miƙar da baya suna kimanin santimita 5 ne kawai a bayan tsakiyar faifai. Idan ka riƙe kaya mai kilo 20 a nisan santimita 40 daga ƙashin bayanka, dole tsokokin su ja da ƙarfin da ya ninka kayan sau 8, wato kwatankwacin kilo 160, kafin ma a lissafa nauyin ƙirjinka da kanka da hannuwanka da suka rinjaya gaba, kuma duk wannan jan a kan faifai yake sauka. Ke nan mafi yawan abin da ke danna faifai lokacin ɗaga kaya daga tsokokinka yake fitowa, kuma nisan kayan daga jiki shi ke ƙayyade shi. Da irin wannan lissafi hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sanya niyuton 3,400, wato kwatankwacin nauyin kilo 350, a matsayin iyakar dannawar da ya kamata ta sauka a ƙasan kwankwaso tun 1981, daga baya kuma ta ƙayyade kilo 23 a matsayin mafi nauyin kayan da ya dace yawancin ma'aikata su ɗaga, shi ma sai in komai ya daidaita.

Wani abin mamaki da gwaje-gwaje a kan ƙasusuwan gawa suka nuna shi ne, idan aka danna faifai a miƙe har wani abu ya karye, bangon ba shi ke fara fashewa ba; murfin da ƙashin da ke ƙarƙashinsa su ne suke tsagewa, cibiyar ta kutsa cikin ƙashi, abin da likitoci suke dangantawa da sunan Schmorl, wani masanin cututtuka Bajamushe da ya bayyana shi. Abin da ke fasa bango shi ne haɗuwar nauyi da sunkuyo, kamar yadda Adams da Hutton suka nuna a Ingila a 1982. Idan ka sunkuya, gaban faifai yana matsewa, bayansa yana miƙewa ya sirance, cibiyar kuma ta turu zuwa baya, inda dama bangon ya fi siranta. Idan kuma ka haɗa da murɗa ƙugu, to rabin zaren bangon ne kawai suke ɗaurewa, sauran rabin da suka karkata ta ɗaya ɓangaren sun saki. Wannan ne dalilin da ya sa ɓallewar faifai ta fi faruwa ta baya, ɗan gefe kaɗan, daidai inda jijiyar da ke sauka ƙafa take fita, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓallewar faifan kwankwaso a faya-fayai biyu na ƙarshe take aukuwa.

A ganina, haɗarinka yana cikin yadda ayyukan biyu suke biyo juna. Ka shafe awanni a zaune a ranƙwafe, ga jijjigar mota, wadda ta fi ratsa ƙashin baya idan tana kaɗawa sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa. Igiyoyin da ke ɗaure bayan ƙasusuwa sun miƙe sun saki, kuma ba sa komawa daidai nan take. Sai ka diro ka kama buhu. Ka ba bayanka 'yan mintuna tukuna, ka yi tafiya kaɗan, ka miƙe ka ɗan gantsare, sannan ka ja kayan su matso jikinka kafin ka ɗaga, idan za ka juya kuma ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya. A kan kujera, ka ɗan kwantar da majingina baya, ka sa wani abu mai taushi ya tallafi kwankwasonka.

Tambaya: Likita, an ce faifan mijina ya goce, wani kuma ya ce zai iya danna masa shi ya koma mazauninsa. Mu yarda? Daga wata matar aure.

Amsa: Kada ku yarda, 'yar'uwa. Faifai a ɗinke yake da ƙashin sama da na ƙasa, ba ya barin mazauninsa. Abin da ke faruwa shi ne bango ya tsage, wani yanki na cibiya ya ɓullo ya taɓa jijiya, kamar yadda wasu likitoci biyu, Mixter da Barr, suka bayyana a Amurka tun 1934. Wurin yana can ƙarƙashin tsoka da ƙashi, babu hannun da zai kai gare shi. Abin farin ciki shi ne jiki da kansa yakan narkar da yankin da ya fito, kuma bincike ya nuna hakan yana faruwa a kusan kashi biyu cikin uku na masu wannan lalura, yawancinsu kuma sukan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Amma idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, ko bayan gida ya kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafarsa tana ƙara rauni, to ku garzaya asibiti a ranar, kada a kwana.

Tambaya: Ina sha'awar gudu da ɗaga ƙarfe, amma ana tsorata ni cewa suna cinye faifan baya. Shin in daina? Daga wani matashi.

Amsa: Kada ka daina, ɗan'uwa. An daɗe ana ɗauka cewa aikin ƙarfi shi ne babban abin da ke lalata faifai, har sai da wasu masu bincike, Battié da Videman, suka yi nazarin tagwaye masu kama ɗaya a ƙasar Finlan, waɗanda ayyukansu suka sha bamban, suka tarar gado ya fi aikin da mutum yake yi tasiri nesa ba kusa ba. A cikin tagwayen da ɗaya ke shan taba ɗaya ba ya sha kuwa, faya-fayan mai shan tabar sun fi lalacewa, abin da ake dangantawa da yadda taba take rage jinin da ke kai abinci bakin murfin guringuntsi. A 2017 kuma, Belavy da abokan aikinsa a Ostireliya sun ɗauki hoton bayan mutanen da suka shafe shekaru suna gudu, suka ga faya-fayansu sun fi na marasa motsa jiki ruwa, na masu gudun dogon zango ma sun fi kauri.

Abin da za ka kiyaye shi ne saurin ƙari. Tsoka tana da jini a wadace, takan yi ƙarfi cikin makonni, faifai kuwa yana buƙatar lokaci mai tsawo fiye da haka kafin ya saba da sabon nauyi, saboda haka mutum yana iya samun ƙarfin ɗaga abin da faifansa bai shirya masa ba tukuna. Ka riƙa ƙara nauyin ƙarfe da nisan gudu kaɗan-kaɗan, ka bar kwanakin hutu a tsakani, kada ka ɗaga mai nauyi da zarar ka tashi daga barci ko bayan gajiya ta sa bayanka ya fara lanƙwashewa, kuma idan ka ji ciwo yana sauka daga ɗuwawu zuwa ƙasan gwiwa, ka dakata ka ga likita kafin ka ci gaba.